Zaɓen Katin Sauti na Waje: Wanne Ya Dace da Aikinka, Kuma Wace Matsala Zai Zo da Ita?

Duk wanda ya fara haɗa kiɗa ko ɗaukar murya a kwamfuta ba ya daɗewa sai ya gane cewa katin sautin da ke cikinta ba domin wannan aiki aka yi shi ba. An yi shi ne domin kallon bidiyo da hira ta intanet, shi ya sa ba shi da ramin da zai karɓi makirufon situdiyo, ba ya ba da wutar da wasu makirufo ke buƙata, ga shi kuma yana zaune a tsakiyar na'urorin da ke cika shi da ƙara. Katin sauti na waje ayyuka uku yake yi: yana ƙara wa siginar makirufo ƙarfi, domin a raunane take fitowa ƙwarai, yana juya ta zuwa lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan yana mayar da lambobin su koma sauti a sifika ko hedifon. A yau ko ƙananan katunan da sanannun kamfanoni ke yi suna gudanar da waɗannan ayyuka da tsabtar da ta isa a fitar da waƙa ba tare da an ji kunya ba.

Saboda haka, a ganina, tambayar "wanne ya fi daɗin sauti" ba ita ce ta kamata ta ci wa mai saye lokaci ba. Abin da ke raba katin da mutum zai ji daɗinsa shekaru da wanda zai zame masa ciwon kai abubuwa ne da ba a cika rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba: yawan abin da za a ɗauka a lokaci guda, irin makirufon da za a jona, da kuma ingancin direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta. Yawancin matsalolin da ake kokawa da su bayan saye, tun ranar zaɓe aka ɗauko su.

Kafin a kai ga katin kansa, akwai hanyoyi biyu da suke jan hankalin mai farawa. Ta farko ita ce makirufo mai USB, irin su Blue Yeti, wanda ke ɗauke da ɗan katinsa a ciki. Ga mai karatun labarai ko mai shirin hira shi kaɗai, babu laifi. Ga mai haɗa kiɗa kuwa, hanya ce mai toshewa, domin ba za a jona jita ko piyano a jikinsa ba, ba shi da mafitar da ta dace da sifikokin situdiyo, kuma ranar da aka so canza makirufo sai an yar da komai gaba ɗaya. Ta biyu ita ce miksa mai USB, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mutum zai ga miksa irin Yamaha MG10XU da layuka 10 da maɓallai birjik, ya ɗauka kowane layi zai shiga kwamfuta daban. Ba haka abin yake ba: layi biyu kacal take aikawa, hagu da dama, bayan ta riga ta cuɗe komai. Idan mai ganga ya danne muryar mawaƙi a lokacin ɗauka, to, babu yadda za a raba su daga baya. Akwai miksocin da ke aika kowane layi daban, kamar Zoom LiveTrak L-8 da Tascam Model 12, kuma suna da amfani ga ƙungiyar da ke wasa a dandali sannan tana son ta ɗauki wasan. Sai dai wanda aikinsa a cikin manhaja yake, irin FL Studio ko Cubase ko Ableton Live, zai tarar ya sayi maɓallan da ba zai taɓa su ba.

To, idan an tsaya a kan kati, tambayar farko ita ce mashigai nawa. Ƙidayar ba ta yawan kayan kiɗan da ke cikin waƙa ba ce, ta yawan abin da za a ɗauka ne a lokaci ɗaya. Mai haɗa kiɗa a manhaja, wanda daga baya mawaƙi ɗaya zai hau, mashigar makirufo guda ta ishe shi ko da waƙar na da layuka 60. Wannan shi ne gurbin Focusrite Scarlett Solo da Audient iD4. Duk da haka ni na fi karkata ga mai mashigar makirufo biyu, wato ajin Scarlett 2i2 da MOTU M2 da SSL 2 da Universal Audio Volt 2, domin ba a daɗewa sai an buƙaci ɗaukar mutum biyu tare, ko piyano mai fitar da hagu da dama, ko murya da kayan kiɗa na hannu kowanne da makirufonsa. A kuma yi hattara da lambobin da ke cikin suna. Kati na iya cewa yana da mashigai 18, alhali ramukan makirufo 8 ne a jikinsa, kamar Scarlett 18i20, sauran kuwa mashigai ne na dijital da sai an sayi wata na'ura kafin su yi amfani.

Ɗaya daga cikin waɗannan mashigai na dijital ya cancanci a tsaya a kansa, wato ADAT, ƙaramin rami mai murabba'i da ke karɓar wayar haske. Waya ɗaya tana ɗaukar layi 8 idan ana aiki a kilohaz 44.1 ko 48, wato ana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, tana kuma raguwa zuwa 4 a kilohaz 96. Kati kamar Audient iD14, mai makirufo biyu da ramin ADAT, yana ba mutum damar ya fara da kaɗan, ranar da ya so ɗaukar cikakken saitin ganguna sai ya ƙara akwatin makirufo 8 irin Behringer ADA8200 ko Focusrite OctoPre, ba tare da ya canza katinsa ba. Sai dai wannan dama da sharaɗinta take zuwa: na'urori biyu na dijital dole ɗaya ya riƙe agogon da ke daidaita musu lokaci ɗayan ya bi shi. Idan kowanne ya tsaya a kan agogonsa, za a riƙa jin ɗan tas-tas a cikin sauti lokaci zuwa lokaci, a yi ta zargin waya ko kwamfuta, alhali gyaran bai wuce a shiga manhajar katin a zaɓi ADAT a matsayin tushen agogo ba. Haka kuma, mai tsohon piyano mai ramin MIDI mai ƙusoshi 5, wanda ta nan piyano ke aika wa manhaja bayanin maɓallan da aka danna, ya duba bayan katin kafin ya saya: MOTU M2 da SSL 2+ da Scarlett 4i4 suna da shi, Scarlett 2i2 ba shi da shi.

Abu na biyu shi ne makirufo, kuma shi ya kamata a fara zaɓa kafin kati, ko da yake yawanci akasin haka ake yi. Makirufo na kwandensa, irin Audio-Technica AT2020, yana fitar da sigina mai ƙarfi amma ba ya aiki sai an ba shi wuta ta maɓallin da aka rubuta wa 48V. Kusan kowane kati yana iya ɗaukarsa. Makirufo na dainamik ba ya buƙatar wannan wuta, kuma ya fi dacewa da ɗakin da ba a gyara shi domin sauti ba, tun da ba ya kwaso amsa-kuwwar bango da hayaniyar waje kamar kwandensa; amma siginarsa mai rauni ce. Shure SM7B, makirufo na dainamik da ya shahara wajen masu waƙa da masu hira, yana son ƙarin ƙarfi na kimanin desibel 60. A kan ƙaramin kati sai an murɗa makunnin har ƙarshe, kuma a can ƙarshen ne ake fara jin "shhh" a ƙarƙashin murya. A nan bambancin katuna yake fitowa fili: Scarlett 2i2 na ƙarni na 4, wanda ya fito a 2023, yana da desibel 69, Solo na wannan ƙarnin yana da 57, SSL 2 na farko kuma 62. Ba lallai ne waɗannan lambobi su yi daidai da juna tsakanin kamfani da kamfani ba, domin kowa da inda yake fara awonsa, amma suna nuna inda aka dosa. Wanda ya riga ya sayi kati mai rauni yana iya sa ƙaramar na'ura irin Cloudlifter tsakanin makirufo da kati, wadda ke amfani da wutar 48V ta ƙara har desibel 25. Gyara ne mai kyau, sai dai kuɗi ne da za a iya kauce wa kashewa da an yi lissafi tun farko. Mai makirufo na ribon irin wanda ba ya buƙatar wuta kuwa, musamman tsoho, ya nisanta shi da 48V, domin waya mai lahani ko jonawa a lokacin da wutar ke kunne na iya lalata siririn ƙarfen da ke cikinsa.

Yanzu sai babban batu, wato direba, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A kwamfutar Mac tsarin sauti mai suna Core Audio yana cikin na'urar tun asali, kuma yawancin katunan USB da zarar an jona su sai su bayyana, su yi aiki da ƙaramin jinkiri ba tare da an saka komai ba. A Windows labarin daban ne. Hanyoyin sautin da suka zo da shi, irin MME, suna da jinkirin da ba za a iya waƙa da shi ba, shi ya sa manhajojin kiɗa suka dogara ga ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro domin manhaja ta yi magana da kati kai tsaye. Yawanci kamfani shi ke samar da direban ASIO na katinsa, kuma ingancinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Misali mafi bayyana yana cikin kamfani ɗaya: Behringer UMC22 da UM2 ba su da direban ASIO nasu, ana tura mai su ne ga ASIO4ALL, wanda ba direban kati ba ne, lulluɓi ne da ake yi wa direban Windows ya yi kama da ASIO, amma UMC202HD da 'yan'uwansa masu HD suna da nasu. A ido kusan abu ɗaya ne, a wurin aiki kuwa tazarar tana da faɗi. A ɗaya ƙarshen akwai RME, shi ma na Jamus, mai yin Babyface Pro FS, wanda sunansa ya ginu ne a kan direba mai tsayuwa da kuma ci gaba da sabunta direbobin katunan da suka shekara fiye da goma a kasuwa. Tsadarsa ba ta ƙawa ba ce, ta wannan kwanciyar hankalin ce. Shawarar da zan ba mai Windows ita ce, kafin ya biya kuɗi, ya shiga shafin kamfanin ya ga ko akwai direban wannan katin domin irin Windows ɗinsa, da kuma yaushe aka sabunta shi. Mai Mac ɗin da ke da injin Apple, wato daga M1 na 2020 zuwa sama, shi ma ya duba idan tsohon kati zai saya a hannu, domin wasu tsofaffin direbobi ba a sake rubuta su domin sabon injin ba.

Dalilin da ya sa direba ke da wannan nauyi shi ne jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan ma'aji da ake kira bafa, sai ya cika ta ɗauka. Kamar mai jidar ruwa ne: idan da kofi yake jida, ruwan farko zai iso da wuri amma zirga-zirgar za ta gajiyar da shi, idan da babban bokiti ne, zai huta amma mai jira zai daɗe. Lissafin mai sauƙi ne, a raba girman bafa da yawan samfurin da ake ɗauka a daƙiƙa. A kilohaz 48, bafa 128 tana ba da milisakan 2.7, 256 tana ba da 5.3, 512 tana ba da 10.7, 1024 kuma 21.3. Wannan na tafiya ɗaya ne. Muryar da za ta shiga kwamfuta ta dawo kunne sai ta ninka wannan, a kuma ƙara abin da direba da na'urorin juya sauti suka ci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin milisakan 10 daidai yake da tsayawa mita 3 da 'yan kai daga sifika, abin da mai piyano zai iya jurewa. Mawaƙi ya fi kowa saurin damuwa, saboda yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, sannan ta hedifon a makare, sai su haɗu su yi wani irin sauti mai kama da magana a cikin bututu. Katuna biyu da aka sa wa bafa 128 ba lallai su ba da jinkiri ɗaya ba, kuma wani zai riƙe waƙa mai nauyi a haka lafiya, wani kuwa ya fara tartsatsi. Wannan bambanci ba ya cikin kwali, a direba yake.

Akwai hanyoyi biyu na kauce wa jinkiri a lokacin ɗaukar murya, kuma su ne suka raba katuna gida biyu. Hanya mai sauƙi ita ce sauraro kai tsaye, wanda kusan kowane ƙaramin kati ke da shi a matsayin maɓalli ko makunni: muryar tana zuwa hedifon daga cikin katin kafin ta shiga kwamfuta. Jinkiri ya kau, amma mawaƙi zai ji muryarsa a bushe, babu amsa-kuwwa babu gyara. A nan ne kuma ake yawan faɗawa wani tarko: idan an kunna sauraro kai tsaye a kati, aka kuma bar sauraron layin a kunne a cikin manhaja, muryar za ta zo sau biyu. Ɗaya za a kashe. Hanya ta biyu ita ce kati mai injin sarrafa sauti a cikinsa, irin jerin Apollo na Universal Audio, inda ake ɗora kwamfuresa, wato mai daidaita hawa da saukar ƙarfin murya, da amsa-kuwwa a cikin katin kansa, mawaƙi ya ji muryarsa a gyare da jinkirin da kunne ba ya kamawa. Ga situdiyon da mawaƙa ke shiga suna fita kullum, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma yana zuwa da wata manhajar miksa da sai an koya, kuma sau da yawa kukan "babu sauti" a irin waɗannan katuna daga layin da aka rufe a wannan miksa ta biyu yake fitowa. Ga mai aiki shi kaɗai da kwamfuta mai ƙarfi, bafa 64 ko 128 a kan kati mai direba nagari takan wadatar. Mawaƙin da ke dogara ga manhajar gyaran murya yayin da yake rerawa shi ne ya fi buƙatar ƙaramin jinkiri na gaske, domin sauraro kai tsaye ba zai ba shi abin da yake son ji ba.

Batun USB da Thunderbolt bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Layi ɗaya na sauti mai bit 24 a kilohaz 48 bai wuce megabit 1.2 a daƙiƙa ba, alhali USB 2.0 tana da 480. Shi ya sa katuna da yawa masu ramin USB-C a zahiri da saurin USB 2.0 suke aiki, kuma babu abin da suka rasa. USB-C siffar rami ce, ba sauri ba. Thunderbolt 3 yana amfani da wannan siffar, yana kai gigabit 40, kuma fa'idarsa ta gaske ita ce layuka masu yawa da ɗan ragin jinkiri. Haɗarinsa shi ne a sayi katin Thunderbolt a jona shi a ramin USB-C na kwamfutar da ba ta da Thunderbolt: wayar za ta shiga daram, amma katin ba zai taɓa bayyana ba. A nemi alamar walƙiya kusa da ramin da kuma a jikin wayar, a kuma tabbatar a takardar bayanin kwamfutar. Inda nau'in USB ke da tasiri sosai shi ne wuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900. Katin da ke shan wuta daga kwamfuta, idan aka jona shi a rami mai rauni ko a mahaɗar USB marar wutar kanta, zai iya aiki lafiya har sai an danna 48V, sannan ya ɗauke ya dawo. Wannan ƙarancin wuta yana shafar hedifon ma: Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa da om 32 da 80 da 250, wato ma'aunin tirjiyar da yake yi wa wuta, kuma mai 250 yakan yi ƙasa-ƙasa a kan wasu ƙananan katuna.

Lambar kilohaz 192 da ake bugawa a kwali kuwa, ba ita za ta sa a fifita wani kati ba. Kilohaz 44.1, wadda faifan CD ke amfani da ita, tana kama sauti har zuwa kilohaz 22, kunnen ɗan Adam kuwa a wajen 20 yake tsayawa. Aikin bidiyo a 48 ake yin sa. Bit 24 ita ce ke da amfani na zahiri, domin tana ba da sarari na desibel 144 a lissafi maimakon 96 na bit 16, wanda ke nufin ba sai an cika sigina har bakin ja ba. A saita makunnin ƙarfi yadda idan mawaƙi ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ma'aunin zai tsaya tsakanin -12 da -6, a bar sauran. Muryar da ta yi ƙasa ana ɗaga ta daga baya. Wadda ta fashe a wurin shiga ba ta gyaruwa. A nan katin MOTU M2 yana da wata fa'ida da nake yabawa, wato cikakken ma'auni mai launi a fuskarsa, wanda ya fi ɗan zoben haske bayani. Scarlett 2i2 na ƙarni na 4 da Audient EVO 4 kuma suna iya saita ƙarfin da kansu bayan sun saurari murya na ɗan lokaci.

Ko wanne aka zaɓa, tsarin haɗawa ɗaya ne. A Windows a fara saka direba daga shafin kamfanin kafin a jona katin, a jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta da wayar da ta zo da shi, domin akwai wayoyin USB da caji kawai suke yi. A rage duk makunnai zuwa ƙasa, a jona makirufo da wayar XLR, wato wayar makirufo mai ƙusoshi uku, sai bayan nan a kunna 48V; wajen cirewa a fara kashe ta. Jitar lantarki tana buƙatar a danna maɓallin INST, in ba haka ba sautinta zai dushe, piyano kuwa a bar shi a LINE. Sifikoki su ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa, saboda bugun da kati ke yi lokacin tashi. Sannan a cikin manhajar kiɗa a zaɓi direban ASIO mai sunan katin, ba ASIO4ALL ba, ba kuma wanda ya zo da manhajar ba.

Idan matsala ta taso, alamarta takan nuna inda take. Fitilar kati tana motsi idan an yi magana amma manhaja ba ta ganin komai: makirufo da waya lafiya suke, a duba izinin amfani da makirufo a saitin sirri, wanda Mac ke nema tun daga macOS Mojave na 2018, Windows ma yana da irinsa, sannan a duba mashigar da aka ba layin. Murya tana fitowa a kunnen hagu kaɗai: an buɗe layin sitiriyo ne mai ɗaukar mashiga 1 da 2 tare, alhali makirufo ɗaya ne, sai a mayar da shi mono. Waƙa ta yi nauyi ta ja jiki, ko ta yi sauri ta sirance: an kunna abin da aka ɗauka a 48 a kan 44.1 ko akasin haka, bambancin kimanin kashi 8 cikin 100, kuma maganin shi ne manhaja da kati da saitin sautin kwamfuta su tsaya a lamba ɗaya. Sauti ya ɗauke a YouTube da zarar an buɗe manhajar kiɗa: direban ne ba ya yarda manhajoji biyu su yi tarayya a kansa, abin da ASIO4ALL ya shahara da shi.

Tartsatsi da yankewa su suka fi cin rai, domin dalilansu suna da yawa. A fara da ɗaga bafa zuwa 512 ko 1024. Idan ya daina, nauyi ne ya yi wa kwamfuta yawa, kuma al'adar da ta dace ita ce ƙaramar bafa lokacin ɗauka, babba lokacin haɗa sauti. Idan bai daina ba ko a 1024, to, ba nauyin waƙa ba ne. A Windows a mayar da tsarin wuta zuwa mafi ƙarfi, a hana kwamfuta kashe ramukan USB domin tanadin batir, sannan a gwada kashe Wi-Fi da Bluetooth. Akwai manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna direban da ke riƙe kwamfuta fiye da kima, kuma sau da yawa na katin intanet ne ko na katin hoto, ba na sauti ba. Kwamfutar cinya da ta yi zafi ma takan rage saurinta da kanta, sai tartsatsin ya riƙa zuwa bayan an jima ana aiki.

Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa, na haz 50 ko 60 gwargwadon wutar ƙasar da ake ciki, ko wani siririn kuka da ke canzawa idan an motsa linzamin kwamfuta, daga wayar ƙasa yake zuwa, lokacin da kwamfuta da sifikoki suka haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu. Gwajin mai sauƙi ne ga mai kwamfutar cinya: a zare caja, idan ƙarar ta mutu an gano ta. A jona komai a soket ɗaya, a kuma haɗa sifikoki da wayoyin XLR ko TRS, wato filogi mai zobe biyu baƙaƙe, maimakon TS mai zobe ɗaya ko RCA. Wannan ma batun zaɓe ne, domin akwai ƙananan katuna irin Behringer UM2 da RCA kaɗai suke da shi a mafita. Kada a kuskura a karya ƙusar ƙasa ta filogin wuta domin kashe ƙugi. Ita ce ke kare mai riƙe da makirufo idan wuta ta zubo a jikin na'ura.

Idan aka haɗa duk wannan, mai haɗa kiɗa shi kaɗai da makirufo na kwandensa zai wadatu da kowane kati mai mashiga biyu daga Focusrite ko MOTU ko Audient ko SSL, kuma abin da zai raba masa gardama shi ne MIDI da ma'auni da yawan ramukan hedifon. Mai SM7B ko makamancinsa ya fara duba desibel. Mai niyyar ɗaukar ganguna nan gaba ya nemi ADAT. Mai Windows da ke aiki da kayan kiɗa na manhaja masu nauyi a ƙaramar bafa, idan aljihu ya yarda, RME ne. Situdiyon da ke karɓar mawaƙa masu son jin muryarsu a gyare kuma ya dubi Apollo, bayan ya tabbatar da ramin da kwamfutarsa ke da shi. Wanda zai sayi kati a hannu ya tafi da kwamfutarsa da makirufo na kwandensa da hedifon, ya gwada kowace mashiga da 48V a kunne, ya murɗa kowane makunni daga farko zuwa ƙarshe yana sauraron ko zai yi ƙara, sannan ya ɗan girgiza wayar USB a ramin katin yayin da waƙa ke tafiya ya ga ko za ta yanke.